Injin numfashi yana ta ƙara da dare: me zan taɓa, me zan bar wa likita?

Tambaya daga Angwan Rogo: Malam, mahaifina yana amfani da injin BiPAP, mai tura masa iska ta takunkumin fuska don taimaka masa numfashi cikin barci. Cikin dare sai ya hau ƙara, allon yana nuna High Leak. Zan iya kashe ƙararrawar gaba ɗaya?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Kada ka kashe ta. Maɓallin shiru yana tsayar da ƙarar na ɗan lokaci ne, galibi minti 2, don ka samu damar gyara. Fara duba Baba kafin injin: ƙirjinsa yana motsi? Leɓensa bai sauya launi ba? In ka ga yana wahala, sai asibiti.

Saƙon High Leak ɗin yana nufin iska tana zurarewa. Bi tiyon da hannunka daga injin har zuwa takunkumin, ko ya tsage ko ya zare, ka tabbata tankin ruwan da ke ba iskar danshi ya zauna daram. Yawanci dai matsalar a fuska take. Mutane sukan ƙara ɗaure igiyoyin tamau, alhali robar takunkumin tana bukatar iska ta kumbura ta kafin ta kama fata. Sassauta, ka ɗaga ta kaɗan ka mayar, yana kwance kuma injin yana aiki. Basilin da man kaɗanyar da muke shafawa da hunturu suna sa ta zamewa, don haka a wanke fuska kafin kwanciya, a wanke robar kullum da sabulu marar ƙarfi. Gemu ma yana hana ta kamawa, haka buɗe baki cikin barci ga mai takunkumin hanci kaɗai.

Ƙananan hudojin da iska ke fita ta gaban takunkumin kuwa, kada a toshe su ko da wasa. Ta nan gurɓatacciyar iskar da ya fitar take ficewa.

Tambaya daga Bukuru: Ruwa yana taruwa a tiyon injin numfashina na CPAP, har ya fantso mini a hanci.

Amsa: Hajiya, sanyin Jos ne. Iska mai ɗumi ta fito daga tanki, ta tarar da tiyo mai sanyi, sai ta koma ruwa. Ajiye injin ƙasa da tsayin kanki don ruwan ya gangara baya, ki tura tiyon ƙarƙashin bargo, ki rage danshi mataki ɗaya. A injin AirSense 10 na kamfanin ResMed matakan daga 1 zuwa 8 suke. In hanci ya bushe, tiyo mai ɗumama kansa shi ne mafita. Ki zuba tataccen ruwa na kantin magani, domin na burtsatse yana barin farin gari a tanki. Filtar da ke tace iskar injin kuma a duba ta kowane mako lokacin ƙura.

Tambaya daga Rikkos: Iskar tana yi mini ƙarfi, na kasa barci.

Amsa: Kunna Ramp. Yana farawa a hankali, galibi daga 4 a ma'aunin ƙarfin iskar injin, ya hau cikin minti 5 zuwa 45. Injinan ResMed suna da EPR, mataki 1 zuwa 3, mai sassauta iska lokacin fitar da numfashi. Ainihin ƙarfin da aka rubuta maka da iyakokin ƙararrawa kuwa na likita ne. In bayan mako biyu babu sauƙi, kai masa injin da katin da ke cikinsa ya duba bayanan barcinka.