Yashin da ka gani a hoton ba datti ba ne

Ɗana, na ga saƙonka game da tsohon fim ɗin da aka kawo mana domin nunin daren Juma'a, wanda takardarsa ta ce an sabunta shi. Ka ce da ka gwada shi ka tarar da wani abu kamar yashi yana motsi a kan hoton, hoton kuma bai cika allo ba, ya bar duhu dama da hagu, sannan sauti daga tsakiya kawai yake fitowa, lasifikokin gefe sun yi tsit. Shi ne kake tambaya ko gyaran ne bai yi kyau ba, kana kuma neman izinin ka buɗa hoton ya cika allo, ka ƙara masa haske da kaifi. Ka rufe da cewa tun da ana samun irin waɗannan fina-finai a waya, ba ka ga abin da zai fito da mutum daga gida ya sayi tikiti ba. Izinin dai ban ba ka ba, kada ka taɓa komai, amma tun da ka yi tambaya irin ta mai son ya iya aiki, bari in warware maka dalilin.

Kai ka tarar da sana'ar nan bayan ta koma kwamfuta, saboda haka ba ka taɓa riƙe zaren fim a hannunka ka ɗaga shi ga haske ba. Zare ne mai faɗin milimita 35, da ƙananan huji a jere a gefunansa biyu inda haƙoran inji ke kamawa, an shafe fuskarsa ɗaya da wani sinadari mai ɗauke da ƙwayoyin azurfa ƙanana ƙwarai. Haske ne ke taɓa ƙwayoyin nan a cikin kyamara, idan aka wanke sai su zama hoto. A fim mai launi, ɗige-ɗigen rini ne ke maye gurbinsu, amma tsarin ɗaya ne. Kowane hoto da nasa zubin ƙwayoyi, kuma hotuna 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa idonka ke ganin kamar suna tafasa. To, waɗannan ƙwayoyi su ne hoton kansa, babu wani hoto mai santsi da ke ɓoye a ƙarƙashinsu yana jiran a share masa fuska. Akwai manhajar da ke iya goge su, kuma an sha yin haka a wasu fitowar da aka yi don kasuwa, sai ka ga fuskar dattijo ta koma sumul ba tamoji ko ɗaya, saƙar rawani ta ɓace, tsagen da ke kumatun mutum ya dushe. Mai irin wannan gyara ya yi aikin mai wankin da ya dirji tsohuwar babbar riga har ya cinye zaren aska takwas ɗin da ke ƙirjinta. Saboda haka idan ka ga yashin nan daidai wa daida daga farko har ƙarshe, yana ɗan ƙaruwa a wuraren duhu, alama ce cewa waɗanda suka yi aikin sun san abin da suke yi.

Datti kuwa yana da kamanninsa, kuma ya kamata ka iya bambancewa. Ɗigo ne da ke walƙiya a hoto ɗaya ya ɓace. Idan fari ne, ƙurar tana kan nagatif aka buga ta, wato zaren asali mai juyayyen haske da duhu wanda daga shi ake buga kwafi. Idan baƙi ne, a kan kwafin da ake haskawa take. Karcewa kuma dogon layi ne daga sama zuwa ƙasa da ke tsayawa wuri ɗaya yana rawa, galibi daga wani tsakuwa-tsakuwa da ya maƙale a ƙofar inji yana yankar zaren duk tsawon faifai. Waɗannan su ne masu sabuntawa ke cirewa.

Misali mafi kusa da mu shi ne fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa aka yi shi, tsawonsa ya haura sa'a biyu. An daɗe ana ɗaukar cewa ya ɓace, sai a 2016 aka gano nagatif ɗinsa da kwafe-kwafensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta sabunta shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ka lura da tazarar: shekara arba'in zaren yana cikin gwangwani. Zafi da laima su ne manyan abokan gabar fim. Zaren da aka yi amfani da shi kafin wajajen 1951 wuta yake kamawa, ruwa ba ya kashe ta, shi ya sa aka daina yin sa. Wanda ya gaje shi ba ya cin wuta haka, amma yana da tasa cutar, idan ta kama shi sai ka buɗe gwangwani warin tsami irin na ruwan kal ya doki hancinka, zaren ya tsuke, ya kanannaɗe, hujin gefensa su daina dacewa da haƙoran inji. Launi kuma yana koɗewa, kuma ba gaba ɗaya yake tafiya ba, shuɗi-shuɗin da rawayan ne ke fara gudu, su bar hoto ja-ja, har sararin sama ya koma ruwan hoda.

Aikin sabuntawa da hannu yake farawa. Sai mutum ya sa safar hannu ya bi zaren taku-taku a kan teburi, yana ɗinke hujin da ya yage, yana sake liƙa mahaɗar da ta saki, kafin a wanke shi a ɗora a na'urar da ke ɗaukar kowane hoto ɗaya bayan ɗaya ta mayar da shi na kwamfuta. Wani lokaci ana bi da zaren ta cikin wani ruwa na musamman yayin ɗaukar, ruwan ya cike karcewar bayansa ta yadda haske ba zai nuna ta ba. Fim mai sa'a biyu hotuna 172,800 ne. Manhaja tana taimakawa wajen gano ƙura, amma ba a sakar mata ragama, domin ba ta san bambancin ƙura da tsuntsun da ya gifta daga nesa, ko ɗigon ruwan sama, ko tartsatsin wuta ba, duk sai ta share. Bayan nan sai daidaita launi, wanda shi ne wurin da ya fi buƙatar hankali, domin ba launin da ya burge mai gyara ake nema ba, wanda mai fim ya nufa ake nema, kuma kan haka ake neman tsohon kwafin da bai koɗe ba, ko wani daga cikin waɗanda suka yi aikin idan yana raye.

A nan akwai wani abu da masu sana'ar kansu ke gardama a kai, kuma ina ganin gardamar tana da tushe. Abin da muke haskawa a dā ba nagatif ɗin kyamara ba ne. Daga shi ake buga kwafi, daga kwafin a buga wani nagatif, daga wannan kuma a buga ɗaruruwan da ake rabawa gidajen silima, kowane mataki yana rage kaifi kaɗan. Kafin kwafi ya iso gidajenmu na dā marasa rufi, inda sai duhu ya yi ake kunna inji, ya riga ya zaga garuruwa, ya tsinke an liƙe shi ba adadi. Saboda haka idan aka ɗauko hoto kai tsaye daga nagatif, abin da za ka gani ya fi wanda kowa ya gani a zamanin fim ɗin tsabta, har wani lokaci ya tona abin da mai fim ya tabbata ba za a gani ba, kamar bakin gemun da aka liƙa wa ɗan wasa. Masu gyara na ƙwarai suna auna wannan. Sun riga sun yanke hukunci a ɗakin da aka auna haskensa da launinsa, kuma duk maɓallin da ka murɗa a ɗakinmu warware hukuncinsu kake yi ba tare da ka ga abin da suka gani ba.

Batun duhun dama da hagu lissafi ne kawai. Tun daga 1932 ma'aunin hoton fim mai sauti shi ne faɗi 1.37 a kan tsawo 1, wato kusan murabba'i, sai a 1953 aka fara yayin faffaɗan hoto domin a ja mutane daga talabijin. Allonmu na 1.85 ne. Idan ka buɗa hoton 1.37 har ya cika shi, ka yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, rabi a sama rabi a ƙasa, wato hulunan mutane da ƙafafunsu, da layin ƙasa na rubutun fassara. Idan kuma ka ja shi ta gefe, kowa ya zama gajere mai ƙiba. Abin da za ka yi shi ne ka duba ma'aunin da aka rubuta a sunan fayil ɗin da takardar da ta zo da shi, ka zaɓi saitin da ya dace, sannan ka jawo baƙin labulen gefe har ya taɓa bakin hoton. Da zarar gefen ya yi baƙi ƙirin, babu mai kallon da zai ji an rage masa wani abu.

Haske yana da ƙa'ida, ba a ƙara shi don jin daɗi: kandela 48 (ma'aunin ƙarfin haske ke nan) a murabba'in mita a tsakiyar allo, wanda na'urar awonmu ke nunawa 14 a nata ma'aunin. Kuskuren da na fi gani a gidajen silima ma ba yawan haske ba ne, ƙarancinsa ne, domin fitilar injin haskawa tana raunana da yawan sa'o'i, ana kuma lallaɓa ta saboda tsada. Sabon fim mai ƙyalƙyali yana jure wannan, tsoho ba ya jurewa, musamman baƙi da fari, wanda duk kyansa yana cikin matakan toka-toka da ke tsakanin hasken da duhun. Da fitila mai rauni, fitowar dare sai ta zama baƙin bango kawai. Ka goge gilashin tagar ɗakin inji ciki da waje, domin ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansa tana cin haske fiye da yadda kake zato. Wajen saita kaifi kuma yashin nan da ka raina shi ne zai yi maka jagora: ka sa madubin hangen nesa, idan ka ga ƙwayoyin sun fito ɗaiɗai a tsakiya da kusurwoyi, hoton ya zauna.

Sautin ma haka yake. Galibin fina-finan wancan zamani hanya ɗaya sautinsu yake da ita, wani siririn layi mai lanƙwashe-lanƙwashe a gefen hoto wanda ƙaramar fitila ke karantawa, kuma wurinsa shi ne lasifikar tsakiya da ke bayan allo, wadda muryarta ke fitowa ta ƙananan hujin allon daidai bakin mai magana. Kada ka raba shi ga lasifikokin bango. Ka fara da ma'aunin ƙarar a 7, inda aka tsara shi, ka sauka cikin zaure ka saurara, kada ka bar shi inda aka rage shi saboda hayaniyar sababbin fina-finai, in ba haka ba dattawan da za su zo ba za su ji zancen ba.

Tambayarka ta waya ita ce ta fi nauyi. Fayil ɗin da ke cikin na'urarmu yakan kai gigabait ɗari ko fiye, wanda ake turawa a waya kuwa sau da yawa bai kai ɗaya ba, kuma abin da matsewa ke fara zubarwa shi ne ƙwayoyin hoto da abin da ke cikin inuwa, wato ainihin abin da aka sha wahalar cetowa. Amma ko da ba a matse ba, girman kansa yana cikin lissafin mai fim. A fim ɗin Lawrence of Arabia na David Lean, na 1962, wanda aka ɗauka da zare mai milimita 65, Robert Harris kuma ya jagoranci sabunta shi aka sake fitar da shi a 1989, akwai inda mutum biyu ke bakin rijiya a hamada, sai wani ɗan ɗigo ya bayyana can ƙarshen gani cikin kawalwalniya, yana matsowa a hankali har ya zama mahayin raƙumi. A babban allo, zaure gaba ɗaya yana zuba wa ɗigon nan ido tun yana nesa, ana jira tare da mutanen rijiyar. A waya babu ɗigon sam sai ya kusa, saboda haka mai kallo yana ganin yashi ne kawai da ɓata lokaci, sai ya tura gaba da yatsa. Masu fim na dā sun tsara nisan kyamara da tsawon kowace fitowa ne da sanin cewa fuskar mutum za ta fi mai kallo tsawo, kuma ba shi da ikon tsayarwa ko tsallakewa. Fim irin Shaihu Umar, wanda labarinsa ya ratsa Sahara da ayari, don irin wannan kallo aka ɗauke shi.

Kafin Juma'a, ka duba makullin fayil ɗin, wato lambar izinin da ke buɗe shi na ƙayyadadden lokaci, ka tabbata ranar da sa'ar da aka buɗe mana sun haɗa da lokacin nunin har ƙarshensa, domin ba ya buɗuwa da roƙo. Ka zauna a tsakiyar zaure ka kalli fim ɗin duka, ba somin-taɓi ba, kana lura da ko magana tana tafiya daidai da leɓe, da ko rubutun fassara yana cikin allo. Fitilar ƙofar fita ta hagu tana zubo haske a kusurwar allo, a sa mata kariya ba tare da an kashe ta ba. Ka gaya wa mai tsaron ƙofa cewa za a yi wa jama'a bayani gajere kafin a fara, cewa hoton ba zai cika allo ba kuma haka aka yi shi, don kada a taso maka da ihu a minti na farko. Idan ka gama, ka rubuto mini awon hasken da ka samu a tsakiya da kusurwoyi huɗu, tare da sa'o'in da fitilar ta ci, kafin in iso ranar Alhamis, domin in ita ce ta gaza mu sami sararin sauya ta.