Kafin Mickey Mouse, Gertie ce ke tashe

Malam, ka tambaya ko Walt Disney ne ya ƙirƙiro katun. A'a, ya tarar da na gaba. Nemi labarin Winsor McCay, mai zanen barkwanci a jaridun Amurka. A 1914 ya fitar da Gertie the Dinosaur, katun na wata ƙatuwar dabbar zamanin da (dinosaur) mai suna Gertie, zane kusan dubu 10 a kan takarda, duk da hannu. Mataimakinsa kuwa sai da ya sake zana duwatsu da tafki a kowane shafi, ka ji wahala! Fim ɗin ba sauti, don haka McCay ke tsayawa gaban majigi da bulala yana ba Gertie umarni, tana ɗaga ƙafa, ya tsawata mata ta fashe da kuka. Mickey Mouse na Disney bai fito ba sai 1928.