Tabar sigar da na saro ta lalace, in gyara in sayar ko in zubar?

Wani ɗan kasuwa ne ya turo tambaya. Yana sayar da tabar siga, wato irin wadda ake naɗewa da hannu da ganyen taba zalla babu takarda. Ya saro kwali 8, kowane kwali kara 25, kayan suka daɗe a hanya sannan na'urar sanyaya sitonsa ta tsaya. Da ya buɗe sai ya tarar yawanci sun bushe, kamar 30 rigarsu, wato ganyen da ya lulluɓe su ta waje, ta tsage, wasu da 'yan ƙananan huji, kwali ɗaya kuma da wani farin abu a jiki. Tambayarsa ita ce zai iya gyarawa ya sayar a farashin da ya saba, ko dai ya haƙura ya zubar?

To Malam, Allah ya mayar da alheri. Amsar a taƙaice ita ce wasu zasu gyaru wasu ba zasu gyaru ba, kuma ko wanda ya gyaru ba zaka sayar da shi a farashin lafiyayye ba. Amma kafin maganar gyara akwai abinda ya fi gaggawa, don ni abinda ya fi tayar min da hankali a bayaninka ba tsagewar ba ce, hujin nan ne.

Wannan hujin kamar na tsinin allura aikin ƙwaron taba ne. Ƙwansa yakan zo ne tun a cikin ganyen, yana kwance ba ya komai, sai zafi ya haura digiri 22 zuwa 23 ga danshi, sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta ci cikin karan, in ta zama ƙwaro ya huda ya fito ya koma na kusa da shi. Kaga kenan in ka bar su haɗe kana ta lissafin yadda zaka liƙe guda 30, sauran da suke lafiya su ma suna kan hanyar tafiya. Yau ɗin nan ka raba su. Ka ɗauki kowane kara ka ɗan buga gindinsa, wato ɓangaren da ake kunna wa wuta, a kan farar takarda, in garin taba mai laushi ya zubo to akwai ɓarna a ciki. Duk mai huji ka fitar da shi daga lissafi kwata-kwata, don iska zata riƙa shiga ta hujin, ba zai ja daidai ba, ga kashin ƙwaro a ciki. Sauran da suka zauna tare da su, ko da ido bai ga komai ba, ka sa su a leda mai zif ka ninka biyu ka matse iskar, ka sa a firji kwana 1, sannan firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili kwana 3 ko 4, ka dawo da su firji kwana 1 kafin su fito ɗaki. Wannan bi a hankalin shi ke hana rigar fashewa. Kar ka ɗauka wata dabara ce ta 'yan koyo, ko a Kuba ana daskarar da kaya kafin a fitar da su saboda ƙwaron nan.

Farin abun kuma, zaka ji masu sha'awar siga suna cewa man ganye ne ya fito alamar ta tsufa da kyau. Ni dai shawarata a matsayinka na mai sayarwa ka ɗauke shi a funfuna kawai. In ɗan kaɗan ne a saman riga kuma yana gogewa da burushi mai laushi bai bar tabo ba, ka ware su daban ka sa ido. In ya zama kore ko shuɗi, ko ya shiga ta gindin karan cikin ganyen ciki, ko kana jin warin ruma, wannan shara ce, abu ne da mutum zai sa a baki ya kunna wa wuta. Akwatin da suka zauna ma sai ka goge shi ka bar shi ya sha iska.

Yanzu bushewa, nan ne mafi yawan kuɗinka yake kuma nan ne mutane suke ɓata kaya da gaggawa. Siga hawa uku ce, ganyen ciki, ganyen da ya ɗaure shi, sai riga ta waje wadda ita ce mafi laushi kuma ita kwastoma yake gani. In ka ɗauki busasshen kara ka jefa shi cikin danshi mai yawa lokaci ɗaya, ganyen zai kumbura rigar kuma bata gama laushin da zata miƙe ba, sai ta tsage, ka wayi gari 30 ɗin ka sun zama 80. Don haka babu fesa ruwa, babu tururi, babu jiƙaƙƙen tsumma a kai. Ka samu roba mai murfi da ba ta shan iska, ka sa ƙunshin daidaita danshi irin na Boveda, ka fara da mai lamba 62, wato danshi kashi 62 cikin ɗari, kamar sati 2, ka koma 65, sannan 69, kana juya su lokaci-lokaci. Abin zai iya cin wata ɗaya ko fiye, ka saka wannan a lissafinka tunda jari ne a kwance. In ka ɗan matsa kara da yatsa ya lotsa kaɗan ya dawo ba tare da ƙarar ƙas-ƙas ba, ya dawo hayyacinsa. Sai dai ka sani danshi yana dawowa amma man ganyen da ya tafi ba ya dawowa, in sun daɗe sosai a bushe ƙamshin ya ragu har abada. Ka sadaukar da kara ɗaya daga kowane kwali, wanda ya san ɗanɗanonta ya gwada ya faɗa maka gaskiya.

Sai bayan sun yi laushi ake liƙi, ba kafin ba. Abin liƙin kuma na tsiro ne mara wari, ƙaro da aka jiƙa da tataccen ruwa, ko garin fektin da ake kaurara jam da shi, dama masu naɗin ma da irin wannan ƙaron suke manna hular kan, wato ɗan ganyen da ke rufe inda ake sa wa a baki. Ban da gam na takarda, ban da sufagulu, ban da zuma ko miyau. Ka ɗan shafa da tsinke a ƙarƙashin inda ya ɗaga, ka kwantar, ka riƙe kamar minti ɗaya, ka bar shi ya bushe. In wurin ya ɓalle zaka iya yanko ɗan faci daga rigar wani karan da ka riga ka yanke ƙauna da shi, mai launi iri ɗaya. Tsagewar da ke gindi ba matsala ba ce sosai tunda wuta zata fara cinye wurin. Wadda ta bi tsawon karan har ta kai ganyen ɗauri kuwa kar ka ɓata lokacinka.

Mu zo kan kuɗi. Kuɗin da ka biya wajen sari ya riga ya fita, ka daina auna komai da shi. Tambayar kowane kara ita ce nawa zai kawo in na gyara, nawa gyaran zai ci, har da lokacinka ko na yaron shago. Waɗanda suka bushe kaɗan suka dawo ba tabo, aka gwada aka ji lafiya, zasu iya tafiya a farashinsu ko kusa da shi. Masu faci kuwa ka ware musu wuri ka faɗa wa mai saye cewa gyararru ne. Misali in ribarka kashi 30 ce cikin farashin sayarwa, ka karya kashi 30 ka fitar da uwar kuɗinka, kuma akan kayan da da shara zasu tafi wannan ba faɗuwa ba ce. Su kansu masana'antun suna sayar da masu ɗan aibi a riga daban a farashi mai sauƙi, kuma suna da masu saye.

Dan Allah kar ka juya facin ƙasa ka shirya su a kwali ka ce sababbi ne. Ha'inci ne, sannan ko ta fuskar kasuwa hasara ce. Masu sayen siga ba su da yawa, sun san kaya, suna juya kara a hannu su duba kafin su biya, kuma sun san juna. Mutum ɗaya ya kunna ta warware masa a hannu, ka rasa shi ka rasa abokansa akan ribar kara 30.

Wani abu da inaga baka yi ba, ka ɗauki hoton komai yanzu kafin ka taɓa, da kwalin da lambarsa da rasit da ranar da kaya suka iso. Ka tura wa dilan da ka sara a wajensa. Ƙwaro musamman yana iya kasancewa daga can ya taho, kuma dila mai son ci gaba da ciniki da kai yakan yarda ya canza ko ya rage maka a sari na gaba. In kayan suna da inshorar hanya, ka duba wa'adin kai ƙorafi don yakan zama gajere. Sai dai ka faɗi gaskiya kan na'urar da ta tsaya, wannan ɓangaren naka ne. Ka kuma duba dokar inda kake, taba kaya ce da ake sa wa ido sosai saboda illarta ga lafiya, wasu ƙasashen sun hana sayar da ita tsinke-tsinke ko cire ta daga kwalin da ke da tambarin haraji da gargaɗi.

Waɗanda ka zubar ka rubuta su a littafi a matsayin asara, da adadi da dalili. Kafin ka sake sari ka sayi ma'aunin danshi, ka gwada shi da jiƙaƙƙen gishiri a murfin kwalba cikin leda a rufe, bayan kamar awa 8 ya kamata ya nuna kashi 75. Wurin ajiya ya tsaya tsakanin danshi kashi 65 zuwa 70 da zafin digiri 18 zuwa 21. In ba zaka iya riƙe wannan ba duk lokacin da na'ura ta tsaya, to ka rage sarin ya koma kwali 2 ko 3 da zaka iya sayarwa da wuri, kuma duk sabon kaya ya yi sati 2 a robarsa daban kafin ya haɗu da na sito.