Na sayi ƙarfe mai tsada, amma kantar ba ta daina lotsawa ba

Tambaya: Injiniya, ni mai walda ne a Suame Magazine, Kumasi. Na haɗa kantar ɗora kayan inji mai tsawon mita 2, ta lotsa a tsakiya. Na sake ta da ƙarfe mai tsada, kauri ɗaya da na farko, lotsawar tana nan yadda take. Mai sayar da ƙarfen ya cuce ni ne?

Amsa: Malam, da wuya a ce ya cuce ka. Ƙarfi daban, ƙin lanƙwasa daban. Ƙarfe mai tsada yana jure nauyi mai yawa kafin ya karye ko ya lanƙwashe har ya kasa komawa yadda yake. Amma ɗan lotsawar nan da ke tafiya in an sauke kaya, ma'aunin yadda ƙarfe ke ƙin ta kusan ɗaya ne a duk ƙarfen da kuke walda, wajen gigafaskal 200 (awon da ake auna ƙin lanƙwasa da shi ke nan), ko na ƙofa ne ko na sifirin mota. Alminiyam kuwa wajen 70 ne, shi ya sa yake lotsawa kusan ninki uku.

Maganin yana wajen siffa. Ɗauki katako mai inci 2 da 6 ka kwantar da shi a kan bulo biyu, ka taka. Sai ka tsayar da shi a gefensa ka sake takawa. Katakon bai canza ba, amma ƙin lanƙwasarsa ya ninka sau 9. Idan sanda ta lanƙwasa, samanta ne ke matsewa, ƙasanta na miƙewa, tsakiyarta kuwa kusan zaman banza take yi. Dalilin ke nan bututu ya fi sanda cikakkiya mai nauyi ɗaya da shi, kuma dalilin da ya sa ake yi wa kwanon rufi tudu da kwari. Tun 1988 wasu masu bincike biyu, Bendsøe da Kikuchi, suka fito da hanyar da kwamfuta ke lissafa inda ya kamata a zuba ƙarfe da inda za a bar rami, kuma tushen lissafin shi ne wannan.

Abin da na fi so ka yi shi ne ka sa ƙafa ɗaya a tsakiyar kantar. Tazarar da ke tsakanin ƙafafu ita ce babbar matsala: in ka rage tazarar zuwa rabi, nauyi ɗaya a tsakiyar tazarar zai lotsa ta ƙasa da da kusan sau 8. In ƙafar za ta tare maka wuri, walda bututu mai kusurwa huɗu a ƙarƙashi, dogon gefensa a tsaye. Sai dai kar bangon bututun ya cika sirantaka, don zai iya mokaɗewa tun kafin nauyin ya kai inda kake zato.