Na ci bashi na yi baiko, Allah ya karɓa kuwa?

TAMBAYA: Baba Fasto barka da aiki. Ni mai ɗinki ce a Kafanchan, akwai wata yarinya da take taya ni a shago. Ranar godiyar kaka a cocinmu an kira layi-layi, masu dubu 50 su fito, sai masu dubu 20, ni kuma a zumuntar mata ana min kallon mai ɗan hali, kunya ce kawai ta fitar da ni layin dubu 20, kuɗin kuma rance na karɓa wurin maƙwabciyata. Yanzu wata 2 kenan ban biya yarinyar nan ba. Baƙon mai wa'azi ya ce iri ne muka shuka zai dawo ninki, amma ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Dan Allah baikon nan karɓaɓɓe ne? (Wata 'yar'uwa daga Kafanchan)

AMSA: 'Yata sannu, Allah ya yi miki albarka da kika faɗi gaskiya, da yawa irin wannan na cinsu a rai amma sun yi shiru. Rashin kwanciyar hankalin nan kada ki kore shi, lamirinki ne yake aiki.

Mu fara daga Farawa sura 4. Mutane na cewa an ƙi baikon Kayinu don hatsi ya kawo, Habila kuma dabba, ni ban yarda ba, don a Littafin Firistoci sura 2 Allah da kansa ya tsara baikon gari da mai. Ki lura da yadda aka jera maganar, Ubangiji ya karɓi Habila da baikonsa, ya ƙi Kayinu da nasa. Mutumin aka fara ambata kafin abin hannunsa. Ibraniyawa 11:4 kuma ta ce ta wurin bangaskiya ne na Habila ya fi. Toh kinga, kafin a duba ambulan ɗinki ke aka fara dubawa, kuma ke da bakinki kika ce kunya ce ta fitar da ke. A 2 Korantiyawa 9:7 Bulus ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a ransa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Idon jama'a ma ai tilas ne.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yarinyar shagon nan. Yakubu 5:4 ya ce hakkin ma'aikata da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna, Maimaitawar Shari'a 24:15 ma cewa ta yi a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi domin matalauci ne, ransa na kan kuɗin. Wataƙila da kuɗin nan uwarta ke cefane, wataƙila na makaranta ne, ke kina gaban bagade ana miki tafi ita kuma tana lissafin yadda za ta kai ƙarshen wata. Yesu a Matiyu 5:23-24 ya ce in kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Ba zan ɓoye miki ba, dubu 20 ɗin nan ba su cika sharaɗi ba. Sai dai ƙofa a buɗe take, ki kira yarinyar ki ba ta haƙuri, ki fara biyanta ko kaɗan-kaɗan ne, sannan maƙwabciya. Kada ki je neman kuɗin a coci, wannan ya wuce, ki roƙi gafara ki ci gaba.

Zancen ƙanƙantar baiko kuwa ki cire shi a ranki. Yusufu da Maryamu tsuntsaye biyu suka kai Haikali a Luka 2:24, baikon talakawa kenan da Shari'a ta yarda wa wanda ba ya iya sayen ɗan rago. Gwauruwar Markus 12 anini biyu ta zuba, wanda ya girma da tsofaffi ya san anini, ɗan kuɗin nan mai huda a tsakiya, guda 10 ne suke kobo ɗaya. Kuma a lura fa, a aya ta 40, dab da labarinta, Yesu ya la'anci halin malaman da ke cinye gidajen gwauraye, shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana karanta labarin nan don a matse talaka. 'Yan'uwana fastoci da dattawan ikilisiya, kiran layi da kuɗi mu yi tunani a kansa, muna tura mata cin bashi, wasu ma sun daina zuwa sujada ranar godiya. Allah yana sa albarka, na gaskata, amma ba adashe muke yi da shi ba.

Lahadi mai zuwa in naira 200 ce taki halak malak, ki sa ta ki yi waƙarki.

TAMBAYA: Fasto, ni taransfa nake yi ta waya, wani dattijo ya ce sai na sa da hannuna a kwando zai karɓu. Haka ne? (Wani matashi daga Jos)

AMSA: Ɗana, ba haka ba ne. Kuɗin da ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya suka tara wa matalautan Urushalima ai aikawa aka yi ta hannun Bulus da abokansa. Ka tabbatar dai asusun na ikilisiya ne ba na wani mutum ba, ka yi addu'a kafin ka danna, kuma hoton rasit ɗin nan kada ka watsa shi a WhatsApp na coci, ka tura wa ma'aji shi kaɗai. Dattijon kuma ka bi shi da ladabi, ka nuna masa Romawa 15:25-26 ku karanta tare.