Sayar da fayafayan anime daga Amurka zuwa Japan da kwafe su, meye hukunci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a Amurka. Fayafayan Blu-ray na katun ɗin Japan da ake cewa anime sunfi araha a nan akan can, shine wani abokin karatuna ɗan Japan ya haɗa ni da masu so, ina saye in tura musu in ɗora riba, da ita nake rage kuɗin haya. Kafin in tura nakan buɗe in kwafe a kwamfuta in turawa abokai a gida, wasu suna ɗan saka min wani abu. Wani yace duk halal ne tunda kamfanonin na tsawwala kuɗi kuma ba musulmi bane.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya bada sa'ar karatu. Saye da turawa ba matsala, ka sayi faifai na asali ya zama naka, ribar halal ce indai abinda ke ciki ba batsa bane ko tallan shirka, kuma dillalin bai gindaya maka sharaɗin hana fitarwa ka amince ba, dokar kwastan ma ka kiyaye ta.

Inda na tsaya shine wannan "nakan buɗe in kwafe" da ka faɗa a gurguje, nan maganar take. Na farko ka yage leda kayi amfani da faifan, in ka sayar a matsayin sabo fil kayi algus, sai ka faɗa musu an buɗe. Na biyu kwafin da kake rabawa ba naka bane, faifai ka saya ba haƙƙin yaɗawa ba, kuma wannan "ɗan wani abu" da ake saka maka kuɗin ciniki ne ko da wane suna aka kira shi. Majalisar Fiƙihu ta Duniya a zamanta na Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ni ma a kan haka nake.

Toh sai maganar wanda yace maka duk halal ne, ita zan daɗe a kai don ta yaɗu cikin samari. Tsadar nan tana da dalili. A Japan faifai ɗaya mai kashi 2 ko 3 kacal yakan kai yen (kuɗin Japan) 6,000 zuwa sama, tsirarun masoya ke saye kuma da kuɗinsu gungun kamfanonin da suka zuba jari ke maida wani ɓangare na abinda suka kashe, a Amurka kuwa sai a haɗa zango guda a kwali ɗaya da rahusa, gashi a tsarin Blu-ray ƙasashen biyu yanki ɗaya suke wato A, faifan Amurka yana aiki a na'urar Japan. Shiyasa, gudun kar 'yan Japan su koma sayen na Amurka mai araha, masu haƙƙin mallakar ke jinkirta fitowar na Amurka, ko su kulle fassarar Turanci yadda bazata goge ba, ko su ɗaga kuɗin. Kasan wannan don kasan kasuwancin naka shine ainihin abinda suke gudu, wataran ana iya toshe maka hanya, kar ka jingina hayarka a kansa. Amma ko mu ɗauka haɗama ce zalla, tsada bata halatta ɗauka. Ɓoye kaya da malamanmu na Malikiyya suka tsananta a kai shine wanda ke cutar da jama'a a abinda suke buƙata, waye ya taɓa kwana da yunwa don bai kalli katun ba? Yayi maka tsada ka barshi.

Cewa ba musulmi bane kuwa ita tafi muni. Da biza ka shiga Amurka, biza amana ce. Mugira ɗan Shu'uba ya yaudari abokan tafiyarsa mushrikai ya kwashe dukiyarsu sannan yazo ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa amma ya nisanta kansa daga dukiyar. Akwai malaman da suka ce ba'a mallakar ilimi, hana kwafi ɓoye ilimi ne, to hujjar ɓoye ilimi akan littattafan addini da karatu take, ba akan katun ba, kuma mai ɓoye ilimi daban da mai neman ladan aikinsa, wanda ya sa farashi ai ya fito da abin kasuwa kenan.

Ka goge abinda ka tara, ka daina turawa, kuɗin kwafin da ka karɓa ka ƙiyasta ka fitar dasu sadaka ka tuba. Sannan ɗana, abinda ka tura gida baka san hannun da zai faɗa ba, iyaye suna ganin zane sai su ɗauka na yara ne su miƙawa ɗan shekara 8 waya, alhali da yawansu na manya ne akwai tsiraici da zubar da jini. Kai ma ka duba awa nawa kake ci a kallon nan da dare, kuma ya asubarka take, karatu aka turoka. Wallahu a'alam.