Filin Makanikai: Soket lamba nawa ke kwance notin sitiyari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar mota ƙirar Ingila ta shekarun 1960 da na gada wurin mahaifina. Ina son cire sitiyarin don a gyara hon, amma soket lamba 23 ya ƙi shiga kan notin, lamba 24 kuma yana rawa. Wanne zan saya?
Daga wani mai karatu a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da lamba 24 ɗin nan tukuna. Soket mai rawa, da zarar an sa masa ƙarfi, kusurwoyin notin yake cinyewa, kuma noti ne da ke zaune cikin rami a tsakiyar sitiyari, inda sifana ba ta kaiwa. In ya mulmule, aikin minti goma ya koma na yini guda.

Ka fara da awo. Ka ari ma'aunin nan mai baki biyu da masu aikin injin ke kira baniya, ka auna daga gefe mai faɗi zuwa wanda ke fuskantarsa, ba daga kusurwa zuwa kusurwa ba. In ramin ya hana ma'aunin shiga, ka danna kwali a kan notin ya fitar da shatinsa, ka auna shatin.

Awo iri uku ne ke yawo a tsofaffin motocinmu. Na Faransa da Jamus, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da milimita aka yi su: 22, 24, 27. Na Amurka da wasu na Ingila da inci suke, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. Saboda haka 7/8 ya zama 22.2, 15/16 ya zama 23.8, inci 1 da 1/16 kuwa daidai yake da 27. Na ukun shi ne Whitworth, tsohon awon Ingila da ake samu jikin tsofaffin Land Rover da Morris. Shi ke rikita mutane, domin lambar da ke jikin sifanarsa kaurin bolti take nufi, ba faɗin kan noti ba. Sifanar 1/2 W (W na nufin Whitworth) bakinta milimita 23.4 ne, ta 7/16 W kuma 20.8. Yadda ka kwatanta, tsakanin 23 da 24, awonka zai faɗa ko dai 23.8 ko 23.4. In na farko ne, nemi 15/16. In na biyu ne, sai soket 1/2 W na Whitworth, wanda sau da yawa a akwatin tsofaffin makanikai ake dacewa da shi, ba a shago ba.

Ka zaɓi soket mai kusurwa shida, ba mai sha biyu ba, don shi ke rungumar gefen notin gaba ɗaya. Bangonsa ya zama siriri yadda zai shiga ramin, gurbin da hannun juyawa ke shiga kuma na rabin inci. Ka share ƙurar hunturu da ta daskare da tsohon giris a gindin notin, don ita ke hana soket zama har ƙasa.

TAMBAYA: Na kwance notin Volkswagen Beetle ɗina da lamba 27, amma sitiyarin ya ƙi fitowa. In buga sandar da sitiyarin ke zaune a kanta da guduma?
Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: A'a, ɗan'uwa, kada ka buga. Guduma tana baje kan sandar, zaren ya lalace, notin ya ƙi komawa. Sitiyarin a kan ƙananan haƙora yake zaune, shekaru ne suka manne su.

Cire wayar batir ta negatif saboda hon. Miƙe tayoyin gaba, ka ja layi da fenti daga kan sandar zuwa jikin sitiyarin, don in ka kuskure haƙori ɗaya wajen mayarwa, a karkace za ka riƙa tuƙi. Fesa WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, a haƙoran, ka ba shi kamar minti 15. Sannan mayar da notin zagaye uku ko huɗu, ka bar shi sako-sako. Wannan muna jaddada shi ƙwarai: sitiyari yakan saki ne farat ɗaya, in babu notin da zai tare shi, fuskarka zai samu. Riƙe dama da hagu, ka riƙa girgizawa kana ja, ka koma sama da ƙasa. In ya ƙi, sai a sa masa fula, abin zaro mai bolti a tsakiya.

Wajen ɗaurewa, kada ka dogara da makullin sitiyari ya riƙe maka, ɗan ƙarfen cikinsa karyewa yake yi. Wani ya riƙe sitiyarin da hannu biyu, kai kuma ka ɗaure da sifana mai awon ƙarfi zuwa 50 Nm (newton-mita, awon ƙarfin ɗauri), kada ka manta da washa a ƙarƙashin notin.